Karta da Kwanon Ciyayya

A layinmu na Madabo, in aka sallame magariba, magidanci ba ya shiga ɗaki ya ci tuwonsa shi kaɗai. Kowa yakan fito da kwanon gidansa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan wanda ya fi mu shekaru, a jera kwanukan a tsakiya. Sai a buɗe ɗaya kowa ya sa hannu, in ya ƙare a jawo na gaba. Ciyayya ke nan, haka muka taras iyayenmu suna yi. Akwai kuma abin da ba a faɗa amma kowa ya san shi: kwanon da ya koma cikin gida ba a taɓa shi ba, magana aka yi wa gidan. Shi ya sa mata sukan ɗaga murfi su duba kafin su tambayi mijinsu komai.

Na ci abinci a wurare da yawa, domin tafinta na yi wa fatake da 'yan kasuwa yawancin rayuwata. A Dakar na ci shinkafa da kifi a faranti ɗaya da mutum tara, uwargida tana turo wa baƙo tsoka da yatsa. A Omdurman na ci wake da burodi a tsugune. A Marseille na ga dattawa masu mutunci suna kai abinci baki da hagu, ba wanda ya ɗaga kai ya dube su. Ni dai na mayar da cokalina dama, suka yi mini kallon baƙauye, ban damu ba. Duk inda na je, tabarmar nan ta Madabo nake auna cin abinci da ita, kuma ban ga wadda ta kai ta ba.

Wata safiya na tashi zan yi alwala, buta ta suɓuce mini. Na sunkuya in ɗauka, hannun dama ya ƙi bin umarni. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma mai sauƙi. Ƙafa ta dawo cikin 'yan makonni, baki ma ya miƙe. Hannun ne ya zauna kamar ba nawa ba. Ina iya ɗaga shi, amma yatsun sun dunƙule wuri ɗaya, babban yatsa ya daina gaisawa da sauran.

Duk da haka na fita ciyayya, don ban san yadda abin ya kai ba. Ranar tuwon shinkafa ne da miyar kuɓewa ɗanya. Na yanko loma da ƙyar, na kai ta miya, kafin in juya hannu in tsinke yauƙin sai ta suɓuce ta faɗa tsakiyar kwano. Miya ta fantsama a farar rigar na'ibin limaminmu, wanda muka yi karatun allo tare tun muna yara. Bai ɓata rai ba. Ya goge da gefen yatsa ya ce, "Alhaji, lalura ce. Ka ci da hagu, Allah bai ɗora maka abin da ba za ka iya ba."

Gaskiya ya faɗa, na kuma san gaskiya ce. Amma na dubi hannuwa goma sha da ke cikin kwanon nan, duk na dama, na ji ba zan iya tura hagu a tsakaninsu ba. Na ce na ƙoshi. Daga ranar na daina fita. Hajiya, matata, ta ci gaba da aika kwanonmu, ni kuwa ina cikin ɗaki ina ci da hagu ina fuskantar bango.

A asibiti wata malama mai gasa ƙashi ta ba ni ƙwallon roba ta ce in riƙa matsawa sau ɗari safe da yamma. Na matsa na kwana ashirin. Ba abin da ke cikin ƙwallon roba da zai sa mutum ya so gobe ta yi. In ka matsa da kyau ba ya gaya maka, in ka matsa da muni ma shiru. Wata rana ina zaune da shi a hannu sai na tuna wani kuku da na sani a jirgin ruwan da ke ƙetara tsakanin Sudan da Jidda, tsoho ɗan Masar, wanda tukunya ta taɓa ƙone masa hannu har yatsu biyu suka lanƙwashe. In ya gama aiki yakan zauna a bakin kicin da kwalin karta. Ba caca yake yi ba, ba ma wanda yake wasa da shi. Sai ya sa kartar ta zubo daga wannan hannu zuwa wancan kamar hatsi daga mudu, ya baza ta, ya rufe, ya nuna maka falle ɗaya ya ɓatar da shi. Na tambaye shi da Larabci me ya kai shi, ya ɗaga yatsun nan biyu ya ce da ba don wannan ba da tuni sun mutu. A can sauƙin hannu suke kiran abin, kamar yadda za ka yabi mai saƙa. Ya koya mini abu ɗaya ko biyu a lokacin, ya kuma ja mini kunne da dokar masu yi: kada ka taɓa nuna wa mai kallo yadda ka yi.

Ba zan ɓoye ba, farkon abin da kunya na fara. Ban sayi kartar a unguwarmu ba. Na hau a-daidaita-sahu har wajen Ƙofar Nassarawa, na shiga wani shago inda ba a san ni ba. Mai shagon ya dubi furfurata da carbin da ke wuyana ya ce, "Baba, jikoki ne suka aiko ka?"

Na buɗe baki zan ce e. Sai na ji haushin kaina. Na ce, "Ni na aiko kaina. Ba ni kwali biyu."

A wayata na samo masu koyarwa. Yawancinsu ba a ganin fuskarsu, hannuwa ne kawai a kan tebur, wani yana magana da Faransanci, wani da Turanci, wani da yaren da ban sani ba, kuma ban rasa komai ba don hannu ba ya buƙatar tafinta. Abu na farko shi ne riƙon kwalin: yatsa ɗaya a gaba, uku a gefe, babba a ɗaya gefen, ba matsewa, ba sakewa. Na ɗauki kartar da dama, duk hamsin da biyun suka watse a siminti.

Hajiya ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Ikon Allah. Alhaji, da tsufanka?"

Na ce, "Taya ni tsincewa."

Ta ce, "Wa? Ni? Hannuna da na gama alwala? Kai ka zubar, kai za ka kwashe."

Ba ta san ta yi mini magani ba. Wanda bai taɓa ƙoƙarin ɗaga fallen karta daga kan siminti da mataccen yatsa ba, ba zai gane ba. Ba shi da kauri, ba shi da kunne, sai ka tura farce ƙarƙashinsa ka haɗa da babban yatsa. Ranar farko na yi kusan awa ina tsintar kwali ɗaya, ina gumi. Na hana kaina sa hagu. A rana nakan zubar sau shida ko bakwai, don haka kafin in iya komai na wasan na riga na zama gwanin tsinta.

Bambancin karta da ƙwallon roba shi ne karta ba ta rufa maka asiri. In yatsa ɗaya ya yi lalaci, za ta zube a gabanka nan take. In kuma ka yi daidai, za ka ji wata 'yar ƙara mai daɗi, fallayen suna bin juna. Wata biyu na yi kafin in baza su su zama mafici, shi ma mai giɓi. Sai gaurayawa, a raba kwalin biyu a sa gefunan su shiga juna. Sai yankawa da hannu ɗaya, inda rabin kwalin zai tashi ya ba ɗaya rabin hanya, wanda ya ci mini damina guda. Daga baya na shiga ɓoye falle a tafin hannu. Wannan ya fi wuya, don ba ƙarfi yake so ba. Gefe ɗaya yana jingine da gindin babban yatsa, ɗaya gefen da ƙaramin yatsa, hannun kuma ya saki jiki kamar ba komai a cikinsa, sannan ka juya wuyan hannu a hankali. Ranar da na fara yin juyin nan daidai na tsaya cak, domin na gane shi. Juyin da ake tsinke yauƙin kuɓewa da shi ne.

Ɗakina ba haske sosai, idona kuma ya fara gajiya, sai na koma soro da hantsi, inda rana take shigowa ta ƙofa. Na san za a gan ni. A lokacin na daina jin kunyar.

A Alƙahira tsofaffi suna zama a gidan shayi da karta a gabansu bayan sun fito daga masallaci, ba mai cewa uffan. A nan cikin badalar birninmu kuwa, karta sunanta caca, ko da kuwa a rufe take a kwali. Ba a yi kwana uku ba na'ibi ya yi sallama. Ya zauna a bakin tabarma, muka gaisa har ƙarshe, ya tambayi jiki, sannan ya dubi abin da ke gabana.

Ya ce, "Alhaji, an gaya mini ban yarda ba."

Na ce, "To ga shi ka gani. Da wa nake cacar, Malam? In na ci, wa na ci?"

"Ni na san ba caca kake yi ba. Amma mai wucewa fa? Samarin da muke hanawa a bayan makaranta, gobe me za mu ce musu? Su ce ai ga Alhaji can a soronsa."

"Ka turo su su tsinci kwali ɗaya da farce, ka ga ko za su dawo."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Akwai carbi. Shi ma yatsu yake motsawa."

Na ce carbina yana nan, ban kuma taɓa fasa jansa ba, amma carbi yatsa biyu yake so, ni kuwa biyar nake nema.

A nan na yi kuskuren da har yau nake cizon yatsa a kansa. Daɗin hannuna ya ɗebe ni. Na ce masa, "Tsaya ka ga abin da hannun nan da ka sani yake yi yanzu." Na nuna masa bakwai ja, na ɗora a kan kwalin, na shafa, na buɗe masa hannu. Babu. Na miƙa na zaro ta daga naɗin rawaninsa.

Na zaci zai ce masha Allahu. Sai ya miƙe tsaye da sauri har ya tuntsurar da butata, yana neman tsari da Allah, yana kakkaɓe rawani. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dube ni kamar bai taɓa sanina ba, ya ce, "Alhaji, a ina ka samo wannan?" Kafin in amsa ya fita.

Da ma maganar caca ce da da sauƙi. Yanzu ta koma siddabaru. Mutumin da ya yi shekaru a ƙasashen da ba a san me ake yi a can ba, hannunsa ya mutu, asibiti ya gaza, sai ga shi ya tashi a kan karta, har abu yana ɓacewa a cikinsa. Kowa ya haɗa lissafinsa. Wanda ya kawo mini saƙon wani baduku ne maƙwabcina, Babarbare, abokin wasana tunda ni asalinmu Fulani ne. Ya shigo yana sosa ƙeya, abin da ban taɓa gani ya yi ba.

Ya ce, "Kai Bafillace, ka jawo mana. An zauna a kanka."

Na ce, "Me aka yanke?"

"An ji hannunka ya samu, ana murna. An ce ka dawo tabarma, wurinka yana nan. Amma sai ka ƙona abin nan tukuna. Wasu sun ce ba za su haɗa kwano da hannun ba."

"Kai fa?"

Ya ce, "Ni ai Babarbare ne, abin da Bafillace zai tsorata ni da shi ba a haife shi ba. Amma dai, tsakani da Allah, ina kartar take zuwa?"

Na kore shi.

Shekara guda da rabi ina aiki don in koma tabarmar nan, ga shi an buɗe mini ƙofa, an ce in ajiye abin da ya kawo ni. Hajiya ta ce, "To ka ƙona mana. Hannun ai ya warke. Kwali nawa yake? In ƙura ta kwanta ka sayi wani ka yi a ɗaki."

Na ce ba zan ƙona ba. Ta ce taurin kai ne. Na ce e, shi ne. Amma ba shi kaɗai ba. Na taɓa barin kartar kwana huɗu da na yi zazzaɓi, na tashi na tarar yatsun sun fara komawa gidan jiya. Sannan in na ƙona a gabansu, na yarda ke nan da abin da suka ce, cewa akwai wani abu a hannuna ban da jini da jijiya da wahalar da na sha. Ba zan sayi wurin zama da ƙarya a kan kaina ba, ban kuma yarda in koma ɓuya a ɗaki kamar ɓarawo ba.

Kwana biyu bayan nan kwanonmu ya dawo ba a taɓa shi ba. Ina ji Hajiya ta ɗaga murfin, ta mayar a hankali. Shekara arba'in da wani abu tana aika kwanon nan.

Washegari na ce mata, "Yau tuwon shinkafa, da kuɓewa ɗanya. Ki sa ta yi yauƙi sosai."

Ta dube ni ta ce, "Faɗa za ka je yi?"

Na ce, "Cin abinci zan je yi."

Da aka sallame magariba na ɗauki kwanon da hannun dama, ni da kaina, na fita. Hira ta tsaya. Na yi sallama, aka amsa, don sallama dole ce. Na ajiye kwanon a tsakiya inda ake ajiyewa, na zauna a wurina na da. Sannan na zaro kwalin daga aljihu. Wani ya fara tattara rigarsa zai tashi.

Na ce, "Ku dakata. Malam, ranar nan ka tambaye ni a ina na samo, ka tafi ban ba ka amsa ba. Ga amsar."

Na nuna musu bakwai ja. Sai na juya musu bayana rabi, na ɗaga hannun yadda hasken fitilar ƙofa zai faɗa cikin tafin, na yi abin a hankali, kamar mai koya wa yaro ɗaura tazuge. Suka ga babban yatsa ya turo fallen, suka ga ya maƙale tsakanin gindin yatsa da ƙaramin, suka ga ya ɗan lanƙwashe yana kwance a tafin, suka ga na juya wuyan hannu. Na maimaita sau uku. A na ukun ya suɓuce ya faɗi a tabarma, na tsince shi da farce. Tsohon kukun nan, Allah ya jiƙansa, ya ce kada a taɓa nunawa. A jirginsa dokar tana da amfani, don a can abin da aka ɓoye nishaɗi ne. A Madabo abin da aka ɓoye sunansa daban.

Sai baduku ya fashe da dariya har da buga cinya. Ya ce, "Shi ke nan? Wannan ne aljanin? Wallahi zura zare a allura ya fi wannan wuya! Ashe Bafillace ɗan damfara ne kawai, kartar tana hannunsa tun ɗazu!"

Na ce, "Karɓi ka yi, tunda mai sauƙi ne."

Ya karɓa, ya ɗora a tafinsa mai kaurin fatar da yake dukanci da ita, ya juya hannu, fallen ya tashi ya faɗa cikin ruwan wanke hannu. Aka yi dariya, har da wanda ya tattara riga.

Na'ibi bai yi ba. Ya ce, "Na gani, ba sihiri ba ne, na kuma janye wannan, Allah ya yafe mini zato. Amma Alhaji, har yanzu karta ce. Ban ga dacewarta da dattijo ba."

Na ce, "Ban ce ka ga dacewarta ba, Malam. Ba kuma zan ƙona ba, gara ku ji daga bakina. Gobe da hantsi ina soro da ita, jibi ma haka."

Na mayar da kwalin aljihu, na wanke hannu, na buɗe kwanonmu. Na yi bismilla. Na yanko loma, na mulmula ta da yatsu biyar, na dangwala a miya. Yauƙin ya biyo ni, dogo, Hajiya ba ta yi mini rangwame ba. Na juya wuyan hannu, ya tsinke. Na kai baki. Ba ɗigo ɗaya a rigar kowa.

Na yi loma ta biyu ni kaɗai, na yi ta uku. A ta huɗu sai ga hannun baduku a cikin kwanon yana cewa in matsa, Fulani ba su san tuwo ba sai nono. Wani ya biyo shi, sai wani. Mutum biyu ba su sa hannu ba, suka jira aka buɗe kwano na gaba, da na sa nawa a ciki kuma suka janye. Na'ibi ya daɗe yana kallon kwanon namu. Sai da ya kusa ƙarewa ya miƙa hannu ya yi loma ɗaya tak, ya ce, "Miyar ba ta yi laifi ba."

Har yau bai yarda da kartar ba. In zai wuce soron da hantsi yakan yi sallama yana kallon gabansa, ni kuma in amsa ba tare da na tsayar da hannu ba. Ɗaya daga cikin mutum biyun nan ya sauko bayan wata guda, ɗayan ya koma ci a wata tabarmar, ban bi shi ba. Yanzu ina koyon yadda ake ɗaga falle biyu a nuna su kamar ɗaya, kuma har yanzu sai sun zube mini sau biyu ko uku a rana.

Daren nan na tuwo da kuɓewa, da na koma cikin gida, na miƙa wa Hajiya kwanon. Ta karɓa, ta ji nauyinsa a hannu, duk da haka sai da ta ɗaga murfin ta leƙa. Ta rufe, ta ce, "Akwai falle ɗaya a ƙarƙashin gado tun shekaranjiya. Ba ni zan ɗauko ba."